Suruki a Gado Na Huɗu

SHAFI NA 17

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, ku sarara min haka nan, ni ma aikin safe na yi, ƙafafuna har yanzu zogi suke. Wadda ta ce Saloma ta cika sanyi kuwa, yau sai kin ƙara jin haushinta, don ni ma ina rubutawa ina tsaki.

*

Sau uku Saloma tana danna na'urar awon jini. Sau uku na'urar tana hura iska, ta matse hannun Baba Japhet, ta saki, ta ƙi nuna ko lamba ɗaya.

"Batir ne," in ji Maimuna daga gadon gefe, ko juyowa ba ta yi ba. "Ki ɗan buge ta, za ta yi."

Saloma ba ta buga ba. Ta kwance abin a hankali, idonta a ƙasa, ta matsa gado na biyar ta ɗaura wa wani mai karayar ƙafa. Danni ɗaya, lamba ta fito tas.

Ta gwada a gado na shida. Nan ma haka.

To me ya sa sai gado na huɗu?

Kwana uku ke nan da aka turo su ɗakin maza, ita da Maimuna, ɗaliban aikin jinya 'yan aji biyu. A ranar ne aka kwantar da Baba Japhet, tsohon saja daga Dabai, da amai da ciwon saman ciki. Aka ce olsa ce, aka ɗaura masa ƙarin ruwa tunda ba ya cin abinci. Abin da Maimuna kaɗai ta sani shi ne, tsohon nan mahaifin Godswill ne, saurayin da iyayensa suka kai gaisuwa gidan su Saloma watan jiya.

Shi ya sa kullum a kan hannun suwaitarsa take ɗaura abin awo, fuska a gefe. In na'urar ta ƙi sau biyu, a na uku ta tofo wata lamba, sai ta rubuta da sauri ta bar wurin. Ni ban ga laifin kunya ba, amma wannan kam ta yi yawa.

"Mi kike kallo a jikin na'ura, awa yau kika fara ganinta?"

Saloma ta juyo da sauri. Sista Margaret ce, shugabar ɗakin, gajeriyar mace mai shekara ashirin da shida a bakin aiki. Takalminta ba ya ƙara, sai dai ka ji murya a bayan kunnenka.

"Sista, a kan kowa tana yi. A kan Baba ne kaɗai take ƙi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Wa kinka hwaɗa wa?"

Saloma ta sunkuyar da kai.

Sista ta zare takardar awo daga ƙarshen gadon, ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Bugun jini, saba'in da takwas. Tamanin. Saba'in da shida. Kumburi, babu. Numfashi, lahiya lau." Ta ɗago. "Kai, wanga tsoho ya hi ni lahiya. Mi shike yi a gado? Biyo ni."

Bakin taga ta kai ta, inda marasa lafiya ba za su ji ba.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Da mi kinka auna?"

"Da na'ura."

"Na'urar da ke ƙi?"

"Wani lokaci tana yi…"

"Hannunki hwa? Ciwo shike?"

"A'a, Sista."

"Kin taɓa kama jijiyar tsohon nan da yatsunki ko sau ɗaya?"

Hawaye suka taru a idon Saloma.

"Ban taɓa ba."

"Inda kinka rubuta babu kumburi, kin ga ƙahwarshi?"

"Safa ce a ƙafar, Sista."

"Ba a cire safa?"

"Surukina ne!" Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so. Ta rufe baki da hannu. "Baban Godswill ne. A gida ko kusa da tabarmarsa ba na zama. Yaya zan ce ya cire riga? Yaya zan kama masa ƙafa?"

Sista ta dube ta, ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji.

"Da kin hwaɗa mani tun Litinin, da na canza maki gado, magana ta ƙare. Amma kin zaɓi ki cika takarda da abin da ba ki gani ba. Likita kuma takardar nan shike dubawa kahin ya yanke komi."

"Ki yi haƙuri. A ba Maimuna gadon."

"Yanzu? A'a. Ke kinka tambayi mi ya sa na'ura ke ƙi, kuma tambayar ta yi mani. Ke za ki nemo amsa. Share idonki."

Suka koma. Baba Japhet yana zaune kamar kullum, matasai uku a bayansa, har da bargo a naɗe. Suwaita a jikinsa duk zafin nan, koriyar safar soja har gwiwa.

"Baba Saja, ina kwana. Za mu duba ka da kyau, kuma ɗalibata za ta yi."

Tsohon ya dubi Saloma, ya kau da kai.

"Olsa ce. An hwaɗi. Ku ƙare ruwanku in tahi, dawata na jira."

"Ƙirjinka ba ya ciwo?"

"Ciwo?" Ya yi murmushi. "Sista, shekara bakwai na yi golmo a gonar uban matata kahin a ba ni ita, ban taɓa cewa na gaji ba. Na yi shekara talatin a soja. Ni ban san ciwo ba."

"Na yarda. Amma a bariki in anka ce dubawa, ana gardama?"

"Ba a yi."

"To nan barikina ne."

Ya miƙo hannu ba tare da ya kalli kowa ba.

"Kama, ɗiyata. Nan ba gida ba ne."

Saloma ta ɗora yatsunta a wuyan hannunsa, gefen babban yatsa. Fatar da sanyi, da ɗan gumi.

"Kada ki yi mani wayon daƙiƙa sha biyar ki ninka huɗu," in ji Sista. "Minti ɗaya cur."

Ta zuba wa agogon ƙirjinta ido.

Ɗaya, biyu, uku… sai shiru. Huɗu, biyar da gudu. Wani mai ƙarfi, wani da ƙyar ta ji shi. Ta ɓata, ta sake farawa. Ba ta san lokacin da ta daina jin kunya ba, ta matso har gwiwarta na taɓa gadon.

"Sista, ba ya tafiya daidai!"

"Yaya shike tahiya?"

"Yana gudu, ya tsaya, ya sake gudu. Babu tsari ko kaɗan. Casa'in da huɗu na samu."

"To na'ura mi take so?"

Saloma ta buɗe baki.

"Bugu mai tsari… Shi ya sa take rikicewa! Ba batir ba ne!"

"Kwana uku tana yi maki magana. Ɗauko abin sauraro."

Sai da aka ja labule Baba ya yarda ya ɗage suwaita da singileti. Sista ta kama hannun Saloma ta lalubo mata wurin, ƙasan nonon hagu, tsakanin haƙarƙari.

"Nan ƙarshen zuciya yake bugawa. Ke ki ƙirga a nan, ni zan ƙirga a hannu. In na ce fara, mu fara tare. Fara."

Minti ɗaya ya yi wa Saloma tsawo. Abin da take ji a kunnenta bai yi kama da wanda ta saba ji a ƙirjin Maimuna a aji ba.

"Tsaya. Nawa?"

"Ɗari da talatin da biyu."

"Ni casa'in da shida. Mutum ɗaya, minti ɗaya. Ina sauran talatin da shida sunka tahi?"

Maimuna da ta leƙo ta labule ta ce, "Ko ɗayanku ya yi kuskure?"

"Babu wanda ya yi. Saloma?"

Saloma ta juya abin a ranta. Wallahi a lokacin ta manta da tsoro, son sanin ne kawai ya cika ta.

"Zuciyar tana bugawa tun ba ta cika ba," ta ce a hankali. "Wasu bugun ba su da ƙarfin da za su kai jini har hannu. Suna nan a ƙirji, amma ba sa isowa."

"Ashe da kai a wuyan naki. Ci gaba. Sauke shi rabi, ki dubi wuyanshi."

Suka zare matashi ɗaya, ya kishingiɗa. Nan take numfashinsa ya canza. Jijiyar gefen wuyansa ta cika ta miƙe har kusa da muƙamuƙi.

"Ku tashe ni," ya ce. "Ni ban kwanciya haka."

Suka tashe shi. Saloma ta ji tambaya ta fito daga bakinta ba shiri.

"Baba, a gida yaya kake barci?"

"A kujera."

"Tun yaushe?"

"Al'adar soja ce."

"Baba, tun yaushe?"

Ya dube ta sosai, karo na farko tun da aka kawo shi.

"Tun hwarkon damina."

"In ka kwanta fa?"

"Sai in ji awa an danne ni cikin ruwa."

Ba ta jira an ce mata ba. Ta durƙusa, ta ce, "Baba, ka gafarce ni," ta naɗe safar zuwa ƙasa.

Maimuna ta ce, "Innalillahi."

Ƙafar ta kumbura suntum har ƙwauri, tana sheƙi, bakin safar ya bar zobe a fata. Saloma ta danna babban yatsanta a kan ƙashin ƙwauri, ta ƙirga biyar, ta ɗaga. Ramin ya tsaya, bai cike ba.

"Saura bayanshi," in ji Sista. "Can ƙasa, hagu da dama. Baba, ja numfashi da baki."

Ta saurara. Wani ƙaramin ƙara take ji duk sanda ya ja iska, irin na garin rogo in an zuba masa ruwa.

"Akwai ruwa a huhunsa."

"Ciwon saman cikin hwa? Olsar?"

"Jini ne ya taru baya… hanta ce ta kumbura?"

"Likita zai tabbatar. Amma haɗa mani su. Zuciya ba ta turawa, wuya ya cika, ƙahwa ta cika, huhu ya fara cika. A ce ke ce nas, ba kowa a ɗakin. Mi za ki fara yi?"

Saloma ta duba gadon, ta duba tsohon, ta ɗaga kai.

Ledar ruwa tana rataye a ƙarfe, tana ɗiga ɗis, ɗis, ɗis. Ta tuna ita ce ta biyar. Ita da kanta ta rubuta lambar a jiki da safen nan.



"Sista… ruwan. Ruwa ya yi masa yawa, mu kuma muna ƙara masa."

Sai a lokacin ta lura ledar ta daina ɗiga, yatsan Sista yana kan maƙullin robar.

"Na rage shi tun da na ga wuyan, yanzu na kulle. Ina so ne ki gani da idonki. Maimuna, ruga ki kira likita, ki ce ni na ce yanzu. Ni zan ɗauko oksijin. Saloma, ki zaunar da shi sosai, ƙahwa ƙasa, kada ki matsa ko'ina." Ta naɗe takardar awon ta sa a aljihu. "Wannan kuma, ni da ke da shugabar makarantarku za mu zauna a kanta."

Labule ya rufe. Ya rage daga ita sai shi.

Saloma ta kasa riƙe kukan.

"Baba, ni na jawo. Da na duba ka tun ranar farko, da ba a sa maka ruwan nan ba."

"Bar kuka. Ni na sa safar, ba ke ba." Ya numfasa da ƙyar. "Miƙo mani hulata."

Ta ɗauko tsohuwar hular daga kan akwatin gefen gado. Ya zura yatsa cikin naɗinta, ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi, da ƙaramar leda mai ƙananan ƙwayoyi farare.

"Karanta. Ke kin iya."

Takardar asibitin sojoji ce, ta shekara huɗu da suka wuce. Abin da suka gano yanzu da yatsu da kunne, duk yana rubuce a ciki.

"Baba, ka sani?"

"Na sani."

"Godswill fa?"

"Ba wanda ya sani. Uwarshi ma har ta rasu ba ta sani ba."

"Magungunan fa? Nan an rubuta iri uku."

"Guda tana sa ni hitsari awa ɗan yaye. Ina tsakiyar huɗa, yara na kallo, in riƙa zagayawa bayan kuka? Da damina ta kama na aje su duka." Ya nuna ledar. "Da abin ya matsa, sai na koma wa wagga ƙaramar. Ita ce ta zuciya. Bibbiyu nike sha, sahe da yamma, don in rama na baya."

Saloma ta karanta sunan da ke jikin ledar. Sunan da malaminsu ya ja wa layi biyu a allo ne, ya ce ɗaya a rana, kuma tsakanin maganinta da gubarta ba nisa. In ta yi yawa, amai ne farko, da ƙin abinci, sannan bugun zuciya ya rikice.

"Kwana nawa kana sha haka?"

"Sati biyu."

"Har a nan?"

"Har da sahen nan."

"Baba, aman nan… Dole likita ya ji wannan."

Hannunsa ya damƙi wuyan hannunta. Duk da rashin lafiyar, damƙar ta soja ce.

"Ba zai ji ba."

"Baba!"

"In likita ya ji, Godswill ya ji. Litinin zai tahi horon soja, sunanshi ya hito bayan shekara uku shina nema. In ya san na ɓoye mashi wanga abu, na rantse ba zai tahi ba, zai zauna gadin tsoho. Ku yi maganinku, ku ce yau anka gano. Ban nuna wa Sista ba, ban nuna wa likita ba. Ɗiyata na nuna wa. Kin ji?"

Sai ga shi an yaye labule.

Likita ne, matashi mai saurin magana, Sista a bayansa tana jan tukunyar oksijin. A bayansu kuma Godswill, da kular abinci a hannu, fuskarsa duk a rikice.

Saloma ta dunƙule takardar da ledar a bayanta.

Sista ta jero abin da aka samu a taƙaice. Likita ya saurari ƙirjin, ya danna ƙafar, ya girgiza kai.

"Wa ya gano?"

"Ɗalibar nan," in ji Sista, ba ta ƙara komai ba.

"Madalla. A ba shi allurar fitar da ruwa yanzu. Sai mu rage gudun zuciyar." Ya zaro biro, ya juya wajen Godswill. "Ya taɓa ciwon zuciya? Yana shan wani magani?"

"Baba? Ko na ciwon kai ba ya sha. Bai taɓa kwanciya asibiti ba sai wannan karon."

"Baba, haka ne?"

"Haka ne," in ji tsohon.

Likita ya fara rubutu, yana faɗa wa Sista sunan allura ta biyu da yawanta.

Sunan da ke jikin ledar ƙwayoyin Baba ne.

Sista ta juya za ta tafi ɗauko ta.

Saloma ta ji yatsun Baba sun ƙara nutsewa a hannunta. Ta dubi Godswill. Ta dubi biron yana tafiya. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Sista, tsaya."

Kowa ya juyo.

Ta fito da ɗayan hannun daga bayanta, ta buɗe shi a gaban likita.

"Kada a yi masa. Yana shan ta, huɗu a rana, sati biyu ke nan. Ta ƙarshe da safen nan."

Likita ya karɓi ledar, ya karanta, ya ja dogon layi a kan abin da ya rubuta.

"Da mun yi ta," ya ce a hankali, "ban san ko zai kai azahar ba."

Godswill ya ajiye kular a ƙasa, ya ɗauki takardar da ta sha ninki daga hannunta. Ya karanta kwanan watan, ya sake karantawa.

"Shekara huɗu, Baba?"

Tsohon ya saki hannun Saloma, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sista ta kawo robar oksijin za ta sa masa, ya tare da tafin hannu.

"Dakata, Sista." Ya ja numfashi, idonsa a kan ɗansa. "Godswill, matso. Kahin su toshe mani baki, ina da magana a kan wagga yarinya da kake shirin kawo mani gida."